Baba Farfesa zai ajiye aiki: wa zai ci gaba da awon tafkin?

Abu Safwan (mai kula da zaure):
Salamu alaikum jama'a. Sanarwa ta fito daga sashenmu na jami'a cewa Baba Farfesa zai yi ritaya a ƙarshen wannan zangon karatu. Ga waɗanda ba su riske shi ba, shi ne ya koya wa yawancinmu ilimin halittun ruwa da muhallinsu, kuma shi ne mai tafkin nan da ake fita awo duk wata tun kafin a haifi wasu 'yan zauren nan. An ce mu tattara abin da za a faɗa a taron bankwana. Kowa ya kawo nasa, amma don Allah a taƙaita.

Ummu Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya da nisan kwana. Ni abin da ba zan manta ba faifan Secchi ne, wanda ake auna washewar ruwa da shi. Faranti ne kawai mai faɗin santimita 20, an raba shi gida huɗu fari da baƙi, an ɗaura masa igiya. Kana zura shi a ruwa har ya ɓace wa idonka, ka rubuta zurfin, ka ɗago shi a hankali har ya sake bayyana, ka rubuta, ka ɗauki tsakiyar biyun. Yaro ma zai iya. Amma a wurin Baba sai ka yi shi ta gefen kwale-kwalen da ke da inuwa, sai ka cire baƙin gilashi, sai rana ta ɗaga, kuma kafin a fita sai an shimfiɗa igiyar an gwada ta da tef, domin igiya idan ta sha ruwa tana miƙewa. Wata rana ya mayar da mu tafki gaba ɗayanmu saboda wani ya yi awon da la'asar sakaliya. Mun yi ta gunaguni a hanya.

Ɗan Kwale-kwale:
Hajiya, ai ni ne na tuƙa ku ranar. Har yau hannuna bai yafe ba.

Injiniya:
Ku gafarce ni, ni kwas ɗaya kawai na ɗauka a wurinsa, saboda haka ba ni da shauƙin da kuke da shi. Tambayata ta gaskiya ce, ba raini ba. Mutum ya yi sama da shekara talatin yana zuwa tafki ɗaya, yana auna abu ɗaya da kayan aiki ɗaya. Me ya gano? Wace doka aka canza saboda shi? Idan za a tsaya a gaban jama'a a yaba masa, ya kamata a iya nuna abu da yatsa. Ladabi da tsare lokaci halaye ne masu kyau, amma ba su ne bincike ba.

Ummu Hanif:
Kai Injiniya, da sassafe haka?

Dakta Ummi:
Ku bar shi, tambayar tana kan hanya, kuma gara a yi ta a nan da a yi ta a bayan ido. Injiniya, bari in ba ka misali biyu daga wuraren da ba ruwansu da Baba.

Na farko tafkin Baikal na Rasha, wanda ya fi kowane tafki zurfi a duniya, mita 1,642. A 1945 wani farfesa mai suna Mikhail Kozhov ya fara ɗiban ruwansa yana auna zafi da ƙirga ƙananan halittun da ke yawo a ciki, kusan duk mako ko kwana goma, har lokacin da saman tafkin ya daskare sai an huda ƙanƙara. Da ya rasu 'yarsa Olga ta ɗauka, bayan ita jikarsa Lyubov ta ɗauka. Tarayyar Sobiyet ta rushe, kuɗin bincike ya ƙafe, ba su daina ba. Sai a 2008 aka fitar da nazarin shekara sittin ɗin, aka ga saman ruwan ya ƙara zafi da kimanin digiri 1.2 tun 1946, kuma wasu halittun da suka fi son ɗumi sun ninka. Da ka tare Kozhov a shekararsa ta goma ka ce me ka gano, ba shi da abin da zai nuna maka da yatsa. Tafki mai girman Baikal ana ganin kamar ɗumamar yanayi ba za ta taɓa shi da wuri ba. Littafin awon gidan nan ne ya ƙaryata wannan zato.

Na biyu tafkin Victoria da ke gabashin Afirka. An saka giwan ruwa a cikinsa a shekarun 1950, ya yi shiru na wani lokaci, sai a shekarun 1980 ya yi wani irin yawa ya cinye ƙananan kifaye dangin ƙarfasa waɗanda babu su a ko'ina sai can. Ana ƙiyasta jinsunan sun haura 500, kuma kimanin 200 sun ɓace. Ta yaya aka san sun ɓace? Saboda wasu masu bincike daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holland sun fara jefa raga a mashigin Mwanza na tafkin tun ƙarshen shekarun 1970, suna tantance kifin ɗaya bayan ɗaya. Da ba su riga bala'in zuwa ba, da kifayen sun tafi ba wanda ya san an taɓa yin su.

Shi ya sa idan aka tambaye ni me Baba ya bari, amsata ita ce ya bar mana jiya. Duk wanda ya zo gobe ya ce tafkin nan ya lalace ko ya gyaru, dole ya buɗe littafin Baba kafin a yarda da shi.

Injiniya:
Na ji, Dakta, kuma na gode da ba ki ɗauke shi da zafi ba. Amma ni ma ina ɗan karance-karance. Wanda nake kira mai bincike shi ne irin David Schindler na Kanada. A 1973 ya samu tafki mai siririn ƙugu a arewa maso yammacin Ontario, wanda suke kira Tafki na 226, ya rataya labulen roba a tsakiya ya raba shi biyu. Ɓangarorin biyu ya zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai ya ƙara wa fosforas, duka ukun sinadarai ne da tsirrai ke ci. Kafin bazara ta ƙare ɓangaren fosforas ya zama kore shar da gansakuka, ɗayan yana nan garau. Aka ɗauki hoto daga jirgin sama, gani ya kori ji. A lokacin masu sarrafa sabulun gari suna ta kare kansu cewa kabon ne matsalar, ba fosforas ɗin da ke cikin sabulunsu ba. Hoton nan ya taimaka aka matsa wa fosforas lamba a sabulu da ruwan bahaya a ƙasashe da dama. A 1991 shi aka fara ba kyautar ruwa ta Stockholm. Wannan shi ne aiki: tambaya ɗaya, gwaji ɗaya, amsa ɗaya. Bai jira jikarsa ba.

Dakta Ummi:
Madalla, ka kawo min shaidata da kanka. Je ka duba maƙwabcinsa, Tafki na 227. Tun 1969 suke zuba masa taki duk shekara. A 1990 suka daina zuba naitirojin gaba ɗaya suka bar fosforas kawai, don su ga ko rage naitirojin zai rage gansakuka. Bai rage ba, domin akwai nau'in da ke jawo naitirojin daga iska, su suka mamaye tafkin. Sakamakon da suka buga a 2008 na shekara 37 ne. Shi Schindler ɗin da kake yabo, hoton wata biyu ya sa aka san shi, amma rayuwarsa ta tafi ne a kan ɗiban ruwa mako bayan mako, shi da tarin mutanen da ba ka san sunansu ba. Kuma ko gwajin labulen, da ba su auna tafkin tun kafin su taɓa shi ba, da me za su kwatanta?

Ga wani abin da ya fi damuna. A 2012 gwamnatin Kanada ta sanar za ta janye hannu daga tashar binciken da ke kula da tafkunan nan baki ɗaya. Tashar da duniya ta sani! Sai da masana suka yi ta kururuwa kafin wata cibiya mai zaman kanta ta karɓe ta a 2014. Idan wannan ta kusa mutuwa, ina ga littafin awon malami ɗaya da ke cikin durowar ofishinsa?

Malam Sagir:
Dakta, a nan zan ɗan saɓa miki, a kan maganar naitirojin. Kada 'yan baya su karanta su ɗauka an rufe babin. Akwai masana da yawa da ke cewa a manyan tafkuna marasa zurfi da bakin teku dole a rage duka biyun, kuma ruwan da ya bar tafki da naitirojin teku zai nufa. Tafkin Erie ma darasi ne. An yi yarjejeniya tsakanin Amurka da Kanada a 1972, aka rage fosforas na bututun gari, tafkin ya farfaɗo, kowa ya tafa. Sai ga shi a watan Agusta 2014 an hana mutum sama da 400,000 a birnin Toledo da ke bakin tafkin shan ruwan famfo na kwanaki saboda gubar gansakuka. Wannan karon daga gonaki takin ke gangarowa, ba bututun da za ka toshe.

Dakta Ummi:
Ban musa ba, Malam. Shi kansa Baba a aji yakan kawo hujjar ɓangarorin biyu ya bar mu mu yi ta faɗa.

Malam Sagir:
Ya bar mu mu yi ta faɗa, sannan a jarrabawa ya ba wa nasa ra'ayin maki.

Ɗan Kwale-kwale:
Wallahi haka ne!

Baba Na-Lab:
Yarana, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, yatsuna ba su saba da wayar nan ba. Ni ba dakta ba ne. Ni ne wanda kuka riƙa samu a ɗakin gwaji da asuba ina wanke kwalabe.

Injiniya yana tambayar me aka gano. Zan faɗi abin da na gani da idona. Muna auna iskar oksijin da ke cikin ruwa ta tsohuwar hanyar Winkler. Za ka cika kwalba har ta tumbatsa, ka rufe ba tare da ko ƙwayar kumfa ɗaya ba, ka ɗiga magani biyu tun kana cikin kwale-kwale. Idan ruwan yana da iska, sai wani gari-gari mai launin ƙasa ya sauka a gindin kwalbar. Idan ba shi da ita, garin fari fat yake fitowa. A lab ka zuba asid ya narke ya koma ruwan zinare, ka ɗiga sitaci ya yi shuɗi, ka yi ta ɗiga ɗayan maganin ɗigo-ɗigo har launin ya ɗauke. A shekarunmu na farko, kwalbar da muke ɗebowa daga can ƙasan tafki launin ƙasa take yi duk shekara. Daga baya sai ta fara fitowa fari a lokacin zafi, na 'yan makonni. Kafin in bar aiki tana yin watanni a haka. Ba wanda zai tsaya a bakin tafki ya ga wannan, saman ruwan yana nan lafiya lau. Lokacin da kifi ya mutu da yawa aka fara cewa guba aka zuba, Farfesa ya fito da littattafan ya nuna iskar oksijin ce ta ƙare a ƙasa, sai iska mai kaɗawa da ƙarfi ta juya ruwan, na ƙasa ya hau sama. Mutanen da ake shirin kamawa aka ƙyale su.

Abu ɗaya zan roƙa a taron nan. Shekarun da Farfesa ya tafi hutun bincike waje, da shekarun da aka ba shi shugabancin tsangaya, awon bai tsaya ba ko wata ɗaya. Akwai direba, akwai masu tuƙa kwale-kwale, akwai mu. Biyu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya. A ambace su.

Ummu Hanif:
Allah ya jiƙansu da rahama. Baba, Allah ya saka maka da alheri, mu mun san ba don kai ba da rabinmu ba mu gama ba.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, wannan amsar ta fi shiga ta. Maganar kifin da mutanen da aka ƙyale, ita ya kamata a buɗe jawabi da ita. Amma ta ƙara min wata tambayar: a takardun da aka buga daga awon nan, sunan Baba Na-Lab yana kai?

Baba Na-Lab:
Yana cikin godiya a ƙarshe.

Malam Sagir:
To ga shi nan. Ina ganin girman Farfesa, amma kada mu mayar da shi waliyyi. Na yi shekaru ina jiran ya karanta babi ɗaya na kundina. Kuma bayanan nan da ake yabo, ya riƙe su kamar gadon gidansu. Wani ɗalibi daga wata jami'a ya nemi na shekara goma kawai, aka ce masa ana kan nazari. Har yau ana kan nazarin. Abin da aka tara da kuɗin jama'a da guminmu bai kamata ya zama sai da yardar mutum ɗaya ba.

Dakta Ummi:
Jinkirin karanta kundi kam ba zan kare shi ba, ni ma na ɗanɗana. Riƙe bayanai kuma halin zamaninsu ne, sun ga yadda wani ke zuwa daga waje ya kwashi aikin shekara ashirin ya buga da sunansa a wata shida. Ban ce daidai ba ne, na ce akwai dalili. Amma maganarka ta kai mu inda ya kamata. Ritayar nan tana iya zama ranar da bayanan za su fito, tana kuma iya zama ranar da za su mutu. Na shekarun farko duk a takarda suke, da fensir, wasu shafukan ruwa ya taɓa su. Na tsakiya suna kan tsofaffin faya-fayan kwamfuta da ban san ko akwai na'urar da za ta buɗe su ba. Kuma akwai gajerun alamomin da ba wanda ya san ma'anarsu sai shi da Baba Na-Lab.

Abu Safwan (mai kula da zaure):
Jama'a, na ce a taƙaita, kun buɗe min taron ƙara wa juna sani. Amma ku ci gaba, ina kwafa.

Ƙaramar Ɗaliba:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ina shekarar ƙarshe, kuma ni ce nake fita awon yanzu tare da wasu biyu. Ina da tambaya, Allah ya sa ba rashin kunya ba ce. Yanzu tauraron ɗan'adam yana iya nuna koren tafki daga sama, akwai kuma na'urorin da ake bari a ruwa suna aiko da zafi da oksijin duk 'yan mintuna. Shin akwai amfanin mutum ya ba da rayuwarsa ga irin aikin Baba? Ko mu ne na ƙarshe?

Ɗan Kwale-kwale:
Ƙanwata, tauraron ba ya ganin ƙasan tafki, kuma ranar da hadari ya rufe sama ko saman ma ba ya gani. Na'urar da aka bari a ruwa kuwa, ba ta wata biyu gansakuka ta lulluɓe bakinta ta fara ƙarya. Wani ne zai shiga kwale-kwale ya je ya goge ta.

Dakta Ummi:
'Yata, tambayarki ta fi ta kowa amfani. Na'urorin nan alheri ne, suna ganin abin da ke faruwa da tsakar dare wanda mu ba mu taɓa gani ba. Amma lamba suke bayarwa, ba su san me ya kamata a tambaya ba. Ki karanta labarin wani masanin tafkuna mai suna Edmondson da tafkin Washington da ke gefen birnin Seattle. A 1955 aka ga wani nau'in gansakuka da ba a saba gani ba a tafkin. Shi ya san wannan nau'in ne ya bayyana a tafkin Zurich na Suwizalan kafin ya lalace, sai ya fito ya gaya wa jama'a inda aka dosa idan aka ci gaba da zuba ruwan bahaya. Aka kai maganar ga masu zaɓe, aka karkatar da bututan tsakanin 1963 da 1968, ruwan ya washe kamar yadda ya faɗa. Sannan a tsakiyar shekarun 1970 ruwan ya ƙara washewa fiye da lissafinsa, ya bi diddigi ya gano wata 'yar mitsitsiyar halitta mai suna Daphnia ce ta yawaita tana cinye gansakukar. Wanda ya gane halitta ɗaya a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa ya kuma san abin da zuwanta ke nufi, shi ne abin da ke ƙaranci yanzu. Masu iya tantance ƙananan halittun ruwa da ido suna ritaya, ba a maye gurbinsu. Idan kina da haƙurin zama a kan madubi, ki zauna da Baba Farfesa a watannin da suka rage, ki sa ya nuna miki kwalaben da ya adana tun farko.

Injiniya:
Ni ta ɓangarena zan iya taimakawa da na'urorin, har da ɗaukar hoton littattafan a zuba su a kwamfuta. A sayi sabbi, a ajiye faranti da kwalaben Winkler a gidan tarihi, a huta.

Baba Na-Lab:
A'a ɗana, kada ku yi haka kai tsaye. Duk ranar da aka canza hanyar awo, lambobi suna ɗan gocewa, ko da tafkin bai canza ba. Wanda zai zo bayan shekara ashirin zai ga tsalle a jadawali ya ɗauka wani abu ya faru a ruwa, alhali na'ura ce aka sauya. Sai an haɗa tsohuwar hanya da sabuwa a rana ɗaya, a wuri ɗaya, a zurfi ɗaya, aƙalla shekara guda cur, don a ratsa zafi da sanyi. A rubuta bambancin a gaban littafi. Lokacin da muka samu mitar oksijin ta farko haka muka yi, kuma a ruwan ƙasa mai ƙarancin iska ba ta taɓa yarda da kwalba ba.

Malam Sagir:
Duk wannan sai idan sashe ya ɗauki wani a gurbinsa. Na ji ana cewa kujerar za a mayar da ita wani fanni da ya fi kawo kuɗin bincike. Idan haka ne, man kwale-kwalen wata mai zuwa ma daga aljihun wa zai fito?

Dakta Ummi:
Shi ya sa nake ganin jawabin bankwana kada ya tsaya a yabo. Shugaban tsangaya zai zauna a wurin. A nemi abu uku a gabansa: a sa awon a cikin kasafin sashe da sunan sashe, a ba wani malami alhakinsa a rubuce, a saki bayanan ga duk mai nema bayan an tsaftace su. Malam Sagir, kai ka fi mu iya tsara takarda.

Malam Sagir:
Zan rubuta, amma sai Farfesa ya yarda da na ukun kafin ranar. Wa zai tunkare shi?

Ummu Hanif:
Baba Na-Lab mana. Shi kaɗai ne yake gaya masa gaskiya ya saurara.

Baba Na-Lab:
Zan je ranar Laraba. Ƙaramar Ɗaliba, ki zo mu tafi tare, ki riƙo littafin wannan shekarar da sabon fensir.